SAYE A DUNƘULE, SAYARWA A RARRABE

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Ƙofar Ruwa, a arewacin birnin Kano, ya san irin cinikin da a ke yi a can. Ban da masu rodi da kwanon rufi da sauran kayan gini, akwai waɗansu mutane da sana'arsu ita ce sayen motar da ta gaji, su kwance ta, su sayar da ita gunduwa-gunduwa. Inji ya tafi wurin bakanike, ƙofa da gilashi su jira mai motar da ya yi karo, alminiyam ya tafi wurin masu zubin tukwane, abin da ya rage na ƙarfe kuwa a ɗora shi a sikeli, a loda wa manyan motoci zuwa masana'antun da ke narka shi su mai da shi rodi. Kafin a jima, motar nan guda ɗaya ta watsu ta hanya goma.

To, ga wata tambaya da ya kamata mai karatu ya tsaya a kanta. Mutumin nan kuɗi ɗaya ya biya, a dunƙule. Wanda ya sayar masa bai ce inji kaza ne, ƙofa kaza ce ba. In ka tambaye shi nawa motar ta tsaya masa, zai gaya maka nan take, har da ladan janwe da na masu kwancewa. Amma in ka ce nawa injin kaɗai ya tsaya masa, sai ka ga ya yi shiru, ko kuwa ya ba ka amsar da gobe zai sake ta. Ba rashin wayo ne ya kawo haka ba. Tambayar ce ta ke da wuya, har manyan akawu na kamfanonin duniya sun daɗe suna fama da ita. Kuma a kan amsarta ne abokan tarayya kan ɓata, mai jari kan cinye uwar kuɗinsa yana tsammani riba ya ke ci.

UWA ƊAYA, 'YA'YA DA YAWA

Ba 'yan Ƙofar Ruwa kaɗai ke da wannan matsala ba. Mahauci ya kan sayi sa ɗaya, ya fitar da nama da kayan ciki da kai da ƙafa da ƙirgi da ƙaho. Manomi ya kan yi noma ɗaya, ya sami gyaɗa da harawa, ko dawa da kara. Mai injin casa ya kan zuba shinkafa, ya kwashi tsaba da dusa da ɓuntu. Matan cikin birni kuwa su kan soya gyaɗa, a niƙa, su matsa, su sami mai da tunkuza. Ko wanne daga cikinsu kashe kuɗinsa ɗaya ne, abin da ya fito masa iri-iri, kuma ba shi da ikon ya ce wannan ya ke so ban da wancan. Ba a yanka rabin sa don nama a bar ƙirgi yana kiwo.

Masu ilmin lissafin kasuwanci sun ba waɗannan abubuwa sunaye, mu kuwa za mu kira su da Hausa don magana ta yi sauƙi. Dukan abin da aka kashe kafin kayan su rabu da juna, shi ne tsadar tarayya. Wurin da su ke rabuwa, watau sa'ad da mai ya tsatso daga tunkuza, ko aka sauke inji daga jikin mota, shi ne mararraba. Kayan da suka fito in darajarsu ta yi kusa da juna, tagwaye ne. Wanda kuwa darajarsa ƙanƙanuwa ce, ba dominsa aka yi aikin ba, ya dai biyo sawu ne kurum, shi ne ɗan rakiya.

Tun cikin 1848 wani masanin tattalin arziki na Ingila, John Stuart Mill, ya yi magana a kan wannan. Ya kawo misalin naman tunkiya da gashinta, da naman sa da ƙirginsa da kitsensa, da kaji da ƙwansu. Abin da ya gano shi ne, tsadar aiki tana iya nuna jimlar abin da ya kamata kayan su kawo gaba ɗaya, amma ba ta iya nuna farashin ko wane ɗaya shi kaɗai. Wannan kasuwa ce ke yanke shi, gwargwadon bukatar masu saye. Maganar nan har yau ba ta tsufa ba. Ma'anarta kuwa ita ce, babu wani rabo na tsadar tarayya da za a ce shi ne na gaskiya, sauran ƙarya ne. Akwai dai rabon da ya fi wani amfani, akwai kuma wanda ke ɓad da mutum.

HANYOYI UKU NA RABO

Bari mu ɗauki misalin mai ƙuli-ƙuli, domin kayanta biyu ne kurum, lissafin zai fi fita sarari. Adadin da za mu kawo na misali ne, ba farashin kasuwar yau ba, kuma za mu auna da kilo maimakon kwano da kwalba don rabo ya yi sauƙi.

A ce wata mata ta kashe N18,000 a kan gyaɗa da itace da ladan niƙa. Bayan ta matsa, ta sami mai kilo 3 da tunkuza kilo 6. A ce man zai sayu N15,000, tunkuzar kuma N9,000. Jimlar ciniki N24,000 ke nan, riba N6,000. Wannan ribar ba ta da gardama. Gardama tana tasowa ne in an ce nawa ne na mai, nawa ne na tunkuza.

Hanya ta farko ita ce rabo bisa nauyi. Kilo 9 aka samu da N18,000, ko wane kilo ya tsaya N2,000. Mai ya ɗauki N6,000, tunkuza ta ɗauki N12,000. In an bi wannan, mai ya ci ribar N9,000, tunkuza ta faɗi da N3,000. Hanyar tana da sauƙi, tana kuma da kyau in kayan kusan daraja ɗaya gare su, kamar katako mai kauri da marar kauri daga gungume ɗaya. Amma in darajarsu ta yi nisa da juna, sai ta ɗora wa talaka kayan attajiri. Wa zai yarda kilo na ƙashi da kilo na tsoka tsadarsu ɗaya ce?

Hanya ta biyu ita ce rabo bisa darajar kaya a mararraba, watau ko wanne ya ɗauki gwargwadon abin da zai kawo. Tsada N18,000 ce, ciniki N24,000, watau tsada kashi uku ce cikin huɗu na ciniki. Sai a ɗora wa ko wanne kashi uku cikin huɗu na farashinsa. Mai ya ɗauki N11,250, ribarsa N3,750. Tunkuza ta ɗauki N6,750, ribarta N2,250. Ba wanda ya faɗi, ko wanne ya ci rubu'in farashinsa. Wannan ita ce hanyar da masu lissafi suka fi so, domin mai ƙarfi shi ke ɗaukar babban kaya. In kuwa abin ba shi da kasuwa a mararraba sai an ƙara masa aiki, to sai a duba farashinsa na ƙarshe, a cire abin da aka ƙara kashewa, ragowar ita ce darajarsa a mararraba, da ita za a yi rabo.

Hanya ta uku ita ce ta ɗan rakiya. A nan ba a raba masa kome. Abin da ya kawo a kan cire shi daga tsadar tarayya, ragowar a ɗora wa babban kaya. In matar nan ta ɗauki tunkuza 'yar rakiya ce, sai ta cire N9,000 daga N18,000, ta ce mai ya tsaya mata N9,000, ribar N6,000 duk tasa ce. Hanyar ta dace da ƙaho a wurin mahauci, ko ɓuntu a wurin mai casa. Amma abin da ke kawo fiye da sulusin ciniki, kamar tunkuzar nan, ya wuce a kira shi ɗan rakiya.

Ku dubi abin mamaki. Mai ɗaya ne, kwalba ɗaya ce, amma hanya ta farko ta ce ya tsaya N6,000, ta biyu ta ce N11,250, ta uku ta ce N9,000. Riba kuwa a ko wace hanya N6,000 ce, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Rabo ba ya haifar da ko kwabo. Aljihu ya ke sauya wa kuɗi kurum.

INDA A KE FAƊAWA RAMI

Tun da haka ne, ina hatsarin ya ke? Yana wurin mutumin da ya manta shi ne ya yi rabon da hannunsa, ya koma yana yanke shawara a kansa kamar wani abu ne da ya sauko daga sama.

A ce wani ɗan makaranta a gidan ya yi wa matar nan lissafi bisa nauyi, ya ce, "Inna, ai tunkuzar nan faɗuwa ki ke yi da ita, N3,000 duk matsa." In ta ji maganarsa ta daina kula da tunkuza, tana kyauta da ita, me zai faru? Tsada tana nan N18,000, domin gyaɗar da za ta ba da mai kilo 3 ba ta ragu ba. Ciniki kuwa ya koma N15,000. Ribar N6,000 ta zama faɗuwar N3,000. Garin gudun hasarar takarda ta jawo hasarar gaske. Wannan shi ne lissafin dokin Rano.

Ga ramin na biyu, wanda ya fi na farko zurfi. Shin ta sayar da tunkuza yadda ta ke, ko ta mulmula ta soya ta zama ƙuli-ƙuli? A ce suyar za ta ci N2,000 na itace da gishiri da ladan mai talla, ƙuli-ƙulin kuma ya sayu N13,000. Mai lissafin nauyi zai tara N12,000 da N2,000, ya ce N14,000 aka kashe a kan abin N13,000, kada a soya. Ya yi kuskure. Kuɗin da aka kashe kafin mararraba ya riga ya tafi, ko an soya ko ba a soya ba, ba ya dawowa. Abin dubawa biyu ne tak: me suyar za ta ƙara ci, me kuma za ta ƙara kawowa? Za ta ci N2,000, za ta ɗaga ciniki daga N9,000 zuwa N13,000, watau ƙarin N4,000. Saura N2,000 riba. Lalle ta soya. Balle ma masu sana'ar sun san wajen suyar ƙuli-ƙuli wani man kan ƙara fita.

Ƙa'idar ke nan, kuma ta isa a rubuta ta a bangon ko wace rumfa: shawarar soma aiki, a duba jimlar tsada da jimlar ciniki, shawarar ƙara wa kaya aiki bayan mararraba, a duba ƙarin tsada da ƙarin ciniki kaɗai. Rabon tsadar tarayya ba shi da ta cewa a ko ɗaya.

ƊAN RAKIYA YA KAN ZAMA UBAN TAFIYA

Wani abin lura shi ne, matsayin kaya ba ya dawwama. A Amurka, cikin ƙarni na 19, masu tace man ƙasa kananzir su ke nema don fitila, fetur kuwa ya zame musu kaya, ga saurin kama wuta, ga ƙarancin masu saye. Da motoci suka yawaita, musamman bayan fitowar ƙaramar motar Ford a 1908, sai fetur ya zama shi ne sarki. Haka guryar auduga. In an gurza auduga, tsantsarta wajen sulusi ce kurum, sauran nauyin kusan duk gurya ne. A dā a kudancin Amurka tsibinta a ke yi ta ruɓe, ban da ɗan abin da za a shuka. Daga baya aka gane ana matsa ta a sami mai, tunkuzarta kuma ta zama abincin shanu.

A nan gida ma mun ga irin wannan. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawa auduga su ke sa rai za ta cika taragu. Amma daga 1912 manoma suka karkata ga gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗa da ta sa sunan Kano da na attajirai irin su Alhassan Ɗantata ya kai ko'ina. Gyaɗa ta fi kawo kuɗi, gaskiya ne, amma akwai ƙari: ana cinta in shekara ta yi tsanani, harawarta kuma tana riƙe dabbobi da rani. Manomin da bai taɓa riƙe alƙalami ba ya sa ɗan rakiya cikin lissafinsa. Dubi kuma ƙirgi. Da can majema ke jiransa, yau kuwa masu ganda suna takara da su a kansa, har masana'antun jima na Kano suna kukan ƙarancinsa. Duk abin da ƙirgi ya ƙara kawowa, sauƙi ne ga tsadar nama a wurin mahauci.

Yadda ɗan rakiya kan hau, haka ya kan sauka. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka bincika aka tarar da guba ta fumfuna a cikin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil aka haɗa musu abinci da ita. Tun daga nan masu saye a Turai suka tsananta binciken gyaɗa da tunkuzarta. Mai matsa gyaɗa da tunkuzarsa ta ƙi karɓuwa, dukan tsada ta koma kan mai shi kaɗai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka wajibi ne mai sana'a ya riƙa sake duba kayansa lokaci lokaci, ya ga wane ne tagwaye, wane ne ɗan rakiya a kasuwar yau.

TO, MENE NE AMFANIN RABON?

Mai karatu zai iya cewa, tun da rabo ba ya ƙara riba, ba ya kuma yanke shawara, don me za a wahala da shi? Amsa ita ce, don kaya ba su ƙarewa rana ɗaya. In an sayar da wani, wani yana ajiye, tilas a san nawa ne ya tafi, nawa ya saura. A nan ne lissafin Ƙofar Ruwa ya fi na mai ƙuli-ƙuli nauyi, domin ita kayanta kwana kaɗan su ke yi, shi kuwa nasa su kan shekara.

A ce mutum biyu sun haɗa jari sun sayi tsohuwar mota N1,000,000, janwe da kwancewa suka ci N200,000. Tsadar tarayya N1,200,000 ke nan. Suka ƙiyasta inji da giyabos za su kawo N800,000, ƙofofi da gilasai da fitilu da sauran ƙananan kaya N500,000, ƙarfen awo da alminiyam da wayoyi N300,000. Jimla N1,600,000. In sun raba bisa daraja, kashi uku cikin huɗu, inji da giyabos sun tsaya N600,000, ƙananan kaya N375,000, kayan awo N225,000.

Cikin wata guda inji ya tafi, kayan awo suka tafi, aka karɓi N1,100,000. Ƙananan kaya suna jibge a rumfa. Sai ɗayan ya ce zai janye, a ba shi rabonsa. Shi mai zama zai ce ai ko uwar kuɗi ba ta dawo ba, saura N100,000, ina riba? Mai tafiya kuwa zai ce ribar N400,000 ce, ga kayan nan a ajiye, a ba shi rabi. Ko wannensu yana da hujja, kuma a haka zumuncin shekaru kan lalace. Da sun yi rabo tun ranar kwancewa sun rubuta, da magana ta ƙare: abin da aka sayar ya tsaya N825,000, ya kawo N1,100,000, ribar da ta tabbata N275,000, saura kaya na N375,000 a rumfa, ribarsu ba ta zo ba tukuna, ba a kuwa rabon abin da bai zo ba. Irin wannan bayani shi a ke bukata ranar rabon gado, da ranar neman rance a banki, da ranar da mai haraji ya zo.

Amma a yi hattara. Ƙiyasin N500,000 ɗin nan fata ne, ba kuɗi ba ne. Gilashi ya kan fashe, fitila ta kan dushe, irin motar ma ya kan ɓace daga titi, ƙofar da aka sa wa rai ta koma ƙarfen awo. Mai hankali ya kan sake ƙiyasta abin da ke rumfa ko wace shekara, in darajarsa ta faɗi ƙasa da tsadar da aka ɗora masa, ya rage ta a littafi, kada ya ruɗi kansa.

Manyan kamfanoni ma a kan wannan su ke tafiya. Ƙa'idodin lissafi na duniya, waɗanda manyan kamfanonin Nijeriya suka soma bi daga 2012, ba su tilasta hanya ɗaya ba. Abin da suka nema shi ne rabon ya zama mai ma'ana, a kuma dawwama a kansa, suka ba da misali da rabo bisa darajar sayarwa. Ɗan rakiya marar yawan daraja kuwa suka yarda a cire abin da zai kawo daga tsadar babban kaya. Dalilin neman dawwama a fili ya ke. Wanda ya raba bisa nauyi bana, bisa daraja baɗi, yana iya nuna ribar da ya ga dama ga wanda ya ga dama.

KIRA GA MALAMAI DA IYAYEN GIDA

Duk lissafin da muka yi a nan bai wuce tarawa da ɗebewa da kaso ba, abin da yaron aji shida na firamare ya kamata ya iya. Abin takaici shi ne, sau da yawa a kan koya wa yara kaso da misalin da ba su taɓa gani ba, alhali kuwa ga tukunyar mai a tsakar gidansu, ga sikeli a rumfar ubansu. Malamin da zai tura yara su tambayo a gida me aka kashe, me aka samu, su zo a raba a allo ta hanya uku, su ga da idonsu riba ba ta motsa ba, ya koya musu abin da zai tsare musu jari har tsufa. Makarantun horon malamai ya kamata su soma wannan, domin abin da malami bai gwada ba, ba ya koyarwa.

Ku kuma iyayen gida na kasuwa, masu yara a ƙarƙashinku, ku saba musu da littafi tun ranar da kaya suka sauka. A rubuta abin da aka biya a dunƙule, a ƙiyasta abin da ko wane kashi zai kawo, a raba, abokan tarayya su sa hannu tun ana dariya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya kiyaye mana jari da zumunci, amin.